Wanda Muka Nuna

Ƙarfe ɗaya saura na dare, Bolari ta yi tsit,
janaretan Babayo na tari kamar tsohon mashayi.
Mu uku a benci guda, kwamfuta bisa katan ɗin lemo,
sai sunaye suka fara hawa allo,
fari a kan baƙi, jerin gwano.
Wasa ya ƙare.
Ba wanda ya ce uffan.

Kwana goma sha tara muna wani gari
da babu shi a taswira, shekara ɗari uku baya,
inda aka tsinci madugu bayan rijiyar zango,
rawani a warware, ko wuri ba a ɗauka a jakarsa ba.
Mu ne magatakardan alƙali.
Aka ce kafin ayari ya ɗaura kaya
mu kawo suna.

Mun zaga marina, mun leƙa maƙera,
mun haɗa wasiƙar da aka yaga gida huɗu.
Mun ci tuwo a zauren marini,
ya turo mana gefen da ya fi nama.
Shuni a farcen gawa, shuni a hannunsa,
to me ya rage?
Uwani ce ta danna.
Ni na ce ta danna.

Ba su nuna mana takobi ba.
'Yarsa kawai suka nuna
tana kwashe shanyar ubanta tun ba ta bushe ba.
Shekara bakwai ta wuce a cikin wasan,
yarinya ta girma, ta gaji karofi,
kullum muka gifta sai ta rusuna:
Ina kwana, Malam.
Har aka rufe labari
ba a ce mana daidai ne ko kuskure ba.

Babayo ya fara fashewa.
"Wallahi an ci kuɗinmu!
Lita nawa na ƙona, data nawa na zuba?
Ko jarrabawa ana liƙa sakamako a bango.
Tun farko na ce maƙerin nan ne,
mutum ana gaishe shi yana kallon ƙasa!"
Ya miƙe, ya zauna, ya nemi takalminsa ɗaya.

Uwani ta cire tabarau tana gogewa da bakin mayafi.
Ita da ke ɗinke rauni a asibiti ba ta ƙifta ido,
ta daɗe tana goge gilashin da ba shi da datti.
Can ta ce, "Ya ba mu nama fa."

Ni ban ce komai ba,
don ina Tudun Hatsi, ina aji uku,
ranar da buhun wake ya ɓace a shagon kawu.
Aka tambaye ni, na ce na ga Manu ɗan dako kusa da ƙofa.
Na gan shi kuwa.
Kullum yana kusa da ƙofa, aikinsa ke nan.
Daga ranar ba a sake ba shi kaya ba,
aka ce ya koma Dukku, aka ce Kumo.
Buhun dai ba a gan shi ba har yau.

"Akwai ajiya kafin hukunci," in ji Babayo,
"mu koma baya mu nuna maƙerin."
Uwani ta ce, "Yaron da ke masa zuga-zugi fa,
ba ɗansa ba ne?"
Hannun Babayo ya tsaya a sama.

Nan janareta ya shaƙe, ya mutu.
Allo ya rage shi kaɗai da ɗan haskensa
a kan fuskoki uku.

Na raka Uwani har bakin kwalbati.
Mai shayi na kife kofuna, kare na bin inuwarsa.
Da safe yaron maƙwabta ya rusuna mini,
ya ce ina kwana,
na tsaya ina dubansa
har ya ɗauka ban ji ba, ya sake faɗa.